Kawu, Ai Ni Ban Taɓa Aiki Ba: Yadda Ɗalibi Zai Tsara CV Ɗinsa

Wani yammaci bayan la'asar ɗan ƙanwata ya same ni a gida a Unguwar Kanawa, riƙe da ambulan mai ruwan ƙasa. Yana ajin ƙarshe na ƙaramar difloma a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, wadda kowa ke kira Poli, kuma ya san da zarar ya ajiye biro sai neman wurin da zai yi shekara guda ta sanin makamar aiki kafin ya koma babbar difloma. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya miƙo ambulan ɗin, ya ce, "Kawu, a duba mini."

CV ɗinsa ne, shafi 3, kowanne an zagaye shi da zanen furanni kamar katin ɗaurin aure. A wurin jinsi an rubuta mace, a ƙasa kuma an ce yana da aure. Mai shagon kwamfuta ya buɗe takardar wata baiwar Allah da ta riga shi zuwa, ya goge sunanta ya sa nasa, ya karɓi kuɗinsa. Wurin ƙwarewar aiki kuwa an bar shi fayau. Na tambaye shi dalili, ya ce, "Kawu, ai ni ban taɓa aiki ba."

Wannan yaron da ke cewa bai taɓa aiki ba, shekara 2 ke nan yana zama a rumfar POS ta mahaifinsa a Kawo duk ƙarshen mako da lokacin hutu. Da yamma yana koyar da ƙananan yara a Islamiyyar unguwarsu. Ya yi wata 4 na SIWES, shirin horar da ɗalibai a wuraren aiki, a wani shagon haɗa sola. A zaɓen 2023 yana cikin ma'aikatan wucin gadi na INEC. Amma a wurinsa aiki shi ne wanda ake cusa riga cikin wando a tafi ofis, a jira alat a ƙarshen wata. Duk abin da bai kai nan ba, taimakon gida ne.

Ban ga laifinsa sosai ba. An raine mu a kan cewa yabon kai jahilci ne. Bahaushe ya saba wani ne ke faɗar alherinsa, ko maroƙi a wurin biki, ko dattijon da zai riƙe hannunsa ya kai shi gaban mai gida ya ce, "Ga yaronmu, na yarda da shi." Zamanin da masaƙun Kakuri ke ci, kafin masaƙar KTL ta rufe a 2002 sauran su bi sahu, da yawa daga iyayenmu haka suka shiga aiki. Yanzu takarda ce ke riga ka shiga ofis, kuma wanda zai karanta ta a titin Ahmadu Bello ko Ali Akilu bai san gidanku ba, ga tulin wasu a gabansa. Mafita ita ce ka rarrabe kirari da ba da shaida. In ka rubuta cewa kai haziƙi ne mai aiki tuƙuru, kirari ka yi, kuma duk wanda ya aiko takarda ya yi irinsa. In ka rubuta cewa ka koyar da yara 35 tsawon shekara 2 a makaranta kaza, shaida ka bayar, ana iya zuwa a tambaya. Babu rashin kunya a cikin wannan.

Kalmar da aka gutsure ta koma CV Latinanci ce, ma'anarta tafarkin rayuwa, amma kada sunan ya ruɗe ka ka ɗauko labari tun daga ranar suna. Wajen 1482 Leonardo da Vinci, mai zanen nan na Italiya, ya rubuta wa Ludovico Sforza mai mulkin Milan wasiƙar neman aiki. Ya san mutumin yaƙi ke damunsa, don haka ya jera masa abin da zai iya yi masa: gadoji marasa nauyi da mayaƙa za su iya ɗauka, dabarar kwashe ruwan ramin da ke kewaye da ganuwa, igwa iri-iri. Zane, wanda duniya ta san shi da shi yau, sai can ƙarshe ya ambace shi. Buƙatar mai karantawa ya duba ya tsara takardarsa, kuma ya samu shiga.

Kada ka fara da kwamfuta. Nemi takarda da biro, ka ware awa guda, ka rubuta duk abin da ka taɓa yi wanda wani ya dogara da kai a kansa, ko an biya ka ko ba a biya ka ba. Shawarata ka yi wannan rubutu na farko da Hausa. CV a Najeriya da Turanci ake miƙa shi, amma da Turanci ne mutum ke ɓuya bayan manyan kalmomin da shi kansa bai san abin da suke nufi ba. Da Hausa dole ka faɗi abin da hannunka ya taɓa. Kowane abu ka yi masa tambayoyi: me na yi, a ina, daga yaushe zuwa yaushe, nawa ne adadinsa, wa zai shaida?

Haka na zaunar da yaron a kan maganar rumfa. Na ce mutum nawa kake sallama a rana? Ya ce ya danganta, ranar kasuwa yakan kai 60. Wa ke rufe lissafi da dare? Ya ce shi. In an cire wa mutum kuɗi amma bai shigo ba fa? Ya ce shi ke kiran kamfanin, ya bi har a mayar. An taɓa samun giɓi? Ya sosa ƙeya ya ce sau ɗaya, naira 2,000, kuma ya gano inda suka shige. Daga wannan hira muka fitar da layi biyu: kula da rumfar POS a Kawo, 2022 zuwa 2024, sallamar abokan ciniki 40 zuwa 60 a rana, rufe lissafin kullum, da bin kuɗin da suka maƙale har su koma hannun masu su. Duk ma'aikacin banki da ya karanta wannan ya ga mutumin da za a iya ba amanar kanta. Yaron ya so ya sa wa kansa muƙamin manaja, na hana. Rumfar katako ce mai laima ɗaya, kuma mai ɗaukar aiki ɗan gari ne, ya san yadda rumfar POS take.

SIWES ita ce dukiyar da ɗalibai suka fi yin sakaci da ita. Asusun ITF, wanda aka kafa a 1971, ya ƙirƙiro shirin a 1973 saboda masu masana'antu suna kukan cewa ɗalibai na fitowa da takarda babu hannu. Ma'ana, an yi shi ne domin ya cike wannan gurbi da yaron ya bari fayau. Ɗauko littafin da ka riƙa cikewa mako-mako, wanda mai kula da kai ya sa wa hannu, ka bi shi shafi-shafi. Kada ka tsaya a "na yi SIWES a wuri kaza". Faɗi cewa ka taimaka an haɗa sola a gidaje 9, ka koyi lissafin nauyin wutar gida kafin zaɓen batir, ka iya gwada infata da mita. In a ɗakin gwaje-gwajen asibiti ka yi, faɗi gwaje-gwajen da ka yi da hannunka da waɗanda kallo kawai ka yi, kada ka gwamutsa su. Na san akwai waɗanda suka kai littafin aka sa musu hannu alhali wata 4 suna kwance a gida. Waɗannan sai su rage buri a wannan layin, don tambaya biyu za ta tona su.

Aikin zaɓe ma aiki ne: an horar da kai, ka riƙe na'urar BVAS ko ka kula da layi, ka cike takardun sakamako a gaban wakilan jam'iyyu masu zare ido. Rubuta shi da sunan mazaɓa da kwanan wata. Haka zagayen allurar rigakafin shan inna gida-gida, in kai ne mai cike takardar ƙidayar yara. Haka aikin agaji a ƙarƙashin Jama'atu Nasril Islam ko Izala ko Red Cross, tsare layin motoci da taimakon marasa lafiya a lokacin tafsirin azumi a masallacin Sultan Bello. Haka shugabancin aji, ma'ajin ƙungiyar ɗalibai, koyar da darasin gida ga 'ya'yan maƙwabta masu shirin WAEC. Sai dai ka yi hattara da yadda kake gabatar da su. Abin da mai ɗaukar aiki ke so ya gani shi ne nauyin da ka ɗauka: kuɗi nawa ka riƙe, mutum nawa ka tsara, rahoton me ka rubuta. Tarihin ƙungiyar da aƙidarta bai dame shi ba.

Ke kuma ɗaliba, naki ya fi ɓuya, don yawancinsa a cikin gida ake yin sa. Kina soya cincin da samosa kina tallata su a WhatsApp, ki karɓi oda, ki lissafa kuɗin fulawa da mai, ki tura ɗan acaɓa ya kai Malali ko Unguwar Rimi. Kina yin lalle ranar biki, ko ɗinki, ko ke ce uwar adashen mata 15 da ba a taɓa jin kansu ba. Wannan talla ne, da kula da abokan ciniki, da ajiye lissafi. Rubuta shekarar da kika fara, da yawan odar da kike samu a wata.

Wanda ya koyi sana'a a kasuwar Panteka, walda ko kafinta ko gyaran janareto, ya sa ta da sunan shagon da tsawon lokacin, musamman in injiniyanci yake karanta. Ɗalibin da ya iya riƙe injin walda ya sha gaban abokinsa da ya san shi a littafi kawai. In da hali ma a nemi takardar shaida a kai: akwai jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, akwai kuma tsarin NSQ da hukumar NBTE ke kula da shi, ga hedikwatarta nan cikin Kaduna.

In kayan sun taru, sai a zo tsari. Shafi ɗaya ya ishi ɗalibi. Farar takarda, baƙin rubutu iri ɗaya, babu fure, babu launi.

A sama sunanka, kuma yadda yake a takardun makaranta harafi da harafi. Wannan ƙaramar magana ta jawo wa mutanenmu wahala mai yawa. Muhammad a WAEC, Mohammed a katin ɗan ƙasa, Muh'd a CV, ga sunan uba da na kaka suna musayar wuri. Zaɓi wanda ke kan satifiket ka tsaya a kai. Sai lambar waya ɗaya da take hannunka kullum, ba layin da ka ajiye don data ba, kuma daga ranar da ka fara rarraba takarda ka riƙa ɗaga baƙuwar lamba da sallama. Sai adireshin imel mai sunanka. Wanda ka buɗe kana sakandare da laƙabin da abokai suka sa maka, bar shi wa Facebook, ka buɗe sabo, minti 5 ne.

Adireshi kuwa, sunan unguwa da Kaduna ya wadatar, ba sai lambar gida ba. Mu 'yan Kaduna mun san tun bayan rikicin 2000 gari ya rabu a kan kogi, sunan unguwa kaɗai kan faɗi abin da mutum bai faɗa ba. Na ga yara suna aron adireshin wani don su ɓad da sawu. Ban ga amfaninsa ba, sunanka ma ya riga ya yi magana. Ayyuka da dama suna tsallaken gada, a Kakuri da Kudenda da Barnawa, kuma ɗan Badarawa ko Hayin Banki da ya ƙi aika takarda can kansa ya rage wa kasuwa. Abin da za ka cire shi ne layin addini da na ƙabila, babu wanda ya tambaye ka. Jiha da ƙaramar hukuma suna da muhalli in aikin gwamnati ne, saboda ƙa'idar raba daidai, kuma za a nemi takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma. A kamfani mai zaman kansa ba dole ba ne. Ranar haihuwa, in an sa iyakar shekaru a tallar aikin, rubuta ta gaskiya wadda ta dace da sauran takardunka. Hoto sai in an nema. Lambar NIN da BVN kada su kusanci wannan takarda, domin ba ka san hannun da za ta ƙare ba, wata rana ma a cikinta za a naɗe wa wani ƙosai.

Ƙarƙashin suna, layi biyu da ke faɗin ko kai wane ne da abin da kake nema. Na yaron mun rubuta cewa ɗalibin injiniyancin lantarki ne a matakin ƙaramar difloma, ya yi wata 4 a haɗa sola, yana neman gurbin shekara guda na sanin makamar aiki. Shi ke nan. Doguwar jimlar nan da masu shagon kwamfuta ke liƙa wa kowa, ta burin ba da gudummawa ga ci gaban ma'aikata mai daraja, an karanta ta har an gaji.

Ga ɗalibi, karatu ne ke zuwa kafin ayyuka, na baya-bayan nan a sama. Sunan makaranta, fanni, shekarar shiga da shekarar da kake sa ran gamawa. Maki fa? A Poli, inda 4 ne ƙololuwa, daga 3.00 zuwa sama abin nunawa ne. A jami'a irin KASU, inda ake awo da 5, daga 3.50. In bai kai ba, yi shiru a kansa, ka ambaci darussa 3 ko 4 da suka shafi aikin, da taken binciken ƙarshen karatunka da abin da ka yi a ciki. Yin shiru halal ne, ƙara maki kuwa ranar da aka nemi sakamako daga makaranta za ka gane kurenka. Sakandare layi ɗaya. Firamare a bar ta, sai in fom ɗin gwamnati ya tambaya. Saukar Alƙur'ani ko hadda ko shaidar Islamiyya suna da nauyi in koyarwa kake nema ko wani aiki da ke buƙatar Larabci, a sa su da sunan makaranta da shekara.

Wurin ƙwarewa ne aka fi zuba ƙarya. Kowa ya iya kwamfuta a takarda. In ka rubuta Excel, ka tabbata za ka iya tara lissafin layi da tace sunaye a gaban mutum, don wasu ofisoshin a take suke juyo maka da kwamfutar. Jihar nan ta san gwaji: a 2017 gwamnati ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa, 21,780 ba su kai makin da aka sa ba, alhali kowannensu yana da takardu a fayil. Rubuta kaɗan da ka iya sosai. Kuma kada ka manta da harsuna. Mun raina Hausa saboda da ita muka tashi, amma ƙungiyoyin lafiya da masu bincike da ke tura matasa unguwanni da ƙauyuka suna tattara bayanai da waya, ta manhajoji irin su KoboToolbox, suna neman wanda zai yi tambaya da Hausa ya cike da Turanci. Faɗi cewa kana karantawa kana rubutawa da ita, in gaskiya ne. Ƙara Larabci, Fulatanci, Gbagyi, ko karatun ajami, gwargwadon iyawarka. Lasisin tuƙi ma a ambace shi. Layin abubuwan sha'awa, wanda kowa ke cike shi da karatu da tafiye-tafiye, a goge shi a samu fili.

Masu tsaya maka mutum 2 sun isa, kuma su zama waɗanda suka ga aikinka da idonsu: malamin da ya duba bincikenka, wanda ya kula da kai a SIWES, shugaban makarantar da kake koyarwa. Kada ka sa mahaifinka ko kawunka, ni ma na ce wa yaron ya cire ni. Kada kuma ka sa sunan wani babban mutum da ya taɓa zuwa ɗaurin auren yayarka, wanda in an kira shi zai ce wane ne haka. Je ka same su tukuna, ka nemi izini, ka ba su kwafin takardar, ka faɗa musu inda kake nema.

Sai juyawa zuwa Turanci. Gajerun layuka, kowanne ya fara da abin da ka aikata. In ka nemi taimakon ChatGPT ba laifi, amma ka sani yana da son kumbura magana, zai mai da mai rumfar POS ƙwararren masanin harkokin kuɗi. Duk kalmar da ba za ka iya bayaninta da bakinka a gaban masu tambaya ba, cire ta. Daga nan ka ba mutum biyu su karanta, ɗaya wanda ya iya Turanci don kurakurai, ɗaya wanda ya san ka don ya ce maka nan ka yi ƙari, nan ka rage.

Ajiye asalin a wayarka da imel ɗinka yadda za ka iya gyarawa, don takarda ɗaya ba ta zuwa ko'ina da ko'ina. In makaranta za ka kai, Islamiyya da darasin gida su hau sama. In kamfanin sola ne, SIWES da Panteka. In banki ne, rumfa. Wadda za ka tura ta intanet ka mai da ita PDF, ka sa wa fayil ɗin sunanka, kada ka ɗauki hoton takarda a kan tabarma ka aika. Ka haɗa da 'yar gajeruwar wasiƙa da ke faɗin gurbin da kake nema da inda ka ji labarinsa. Duk wanda ya ce ka turo kuɗin fom ko na ajiye gurbi ta asusun wani mutum kafin a duba takardarka, ɗan damfara ne, ko da tambarin wace hukuma ya sa a saƙonsa.

In da ƙafa za ka kai, tafi da safe, tsakanin Litinin da Alhamis, cikin shiga mai tsabta. Gaida mai gadi da kyau, shi ya san wanda ke ciki da wanda ya fita. Kwafin satifiket ake bayarwa, na asali ba ya barin hannunka. Buga takardar biyu, ka roƙi sakatare ya sa hatimi da kwanan wata a ɗaya ka dawo da ita, ka rubuta a littafinka inda ka kai da ranar. Bayan mako 2 ka leƙa ko ka kira sau ɗaya, cikin ladabi.

CV ɗin yaron ya tsaya a shafi ɗaya har da ɗan fili a ƙasa. Kafin ya buga na tura shi wurin shugaban Islamiyyarsu neman izini. Ya dawo bayan isha'i ya ce Malam ya amince, amma ya ce a canza lambar da muka sa, wai waccan tana hannun uwargida, a sa ɗayar da yake yawo da ita.